Tun Ran Gini Ran Zane: Yadda Muka Yi wa Gidanmu na Sabo Fenti



Damina ta ja baya, lokacin gyaran gidaje ya zo. A 'yan makonnin nan mutane da dama sun tambaye ni game da fentin da muka yi wa bangon gidanmu na waje bara: wane iri muka saya, bokiti nawa ya ci, me ya sa har yanzu bai ɓare ba alhali ya sha ruwan damina guda cur. Maimakon in riƙa amsa wa mutum ɗai-ɗai a tsaye, na ga ya fi in rubuta a nan kowa ya karanta. Ni ba mai fenti ba ne, aikina rubutu da ajiye takardu. Amma 'yan uwana sun ɗora mini kula da aikin daga farkonsa har ƙarshensa, kuma abin da ido ya gani da abin da aljihu ya ji shi zan faɗa.

Gidan na gado ne. Kamar yawancin tsofaffin gidajen Sabo a nan Ibadan, asalinsa ginin jar ƙasa ne mai kauri, daga baya aka yi masa filastar siminti. Unguwar nan tun 1916 aka keɓe ta ga Hausawa, kuma fataucin goro da dillancin shanu ne suka gina ta, shi ya sa za ka ga gidajen da yawan ɗakuna, domin mai gida yana saukar da baƙinsa fatake. Namu ma haka yake. Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, mu shida muka zauna muka yanke cewa ba za a sayar ba, za a gyara. Aka cire tsohon kwanon da ya yi tsatsa aka sa sabo, aka ƙara ɗakuna biyu na bulo a baya, aka fitar da shaguna biyu a gaba, aka faɗaɗa tagogi. Kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, wasu sai da suka taɓa jarinsu. Saboda haka da aka zo kan fenti, kuɗin da ya rage na ƙarshe ne. In aka ɓata shi, babu inda za a sake samo wani.

Birkila ya gama filasta a ƙarshen watan Mayu. An riga an sa bikin autarmu a tsakiyar Yuli. Kowa a gidan ya ɗauka cewa kafin dangin ango su iso daga Arewa, gida zai kasance yana ƙyalli. Masu fenti biyu suka zo suka duba, kowannensu ya ce a ba shi kwana biyar ya gama. Na uku wani dattijo ne Bayarabe da ya tashi a kusa da unguwar nan, Hausa a bakinsa kamar ni da ku. Ya zagaya gidan yana shafa bango da bayan hannunsa, sannan ya ce a samo masa farar leda da salatif. Ya yanka ledar kamar faɗin sallaya, ya manna ta a bangon sabbin ɗakuna, ya liƙe gefunanta huɗu yadda iska ba za ta shiga ba, ya yi haka a wuri uku, ya ce sai gobe. Washegari da muka ɗaga, cikin ledar ya yi gumi, bangon da ke ƙarƙashinta ya yi duhu.

Ya ce mini, "Sakatare, bangon nan bai gama shan iska ba. In kana son kuɗinka su kai Yuli kawai, yau ma sai in fara. In kana son su kai shekaru, ka bar ni sai ruwa ya ɗauke."

Bayanin da ya yi mini, wanda daga baya na ga irinsa a rubuce a jikin bokitan fenti, shi ne: sabuwar filasta cike take da ruwa, kuma sabon siminti yana da kaifi irin na kanwa. Idan aka rufe shi da fenti tun bai bushe ba, ruwan da ke ciki dole ya nemi hanyar fita. Yana fitowa ɗauke da wani farin gishiri, ya tura fentin ya kumbura kamar bororon ƙuna, daga nan ya fashe ya riƙa zuba. Kaifin simintin kuma yana cin launi, sai ka ga bango ya yi dabbare-dabbare. Ƙa'idar da aka sani ita ce a bar sabuwar filasta aƙalla mako huɗu, wannan ma a lokacin da iska take a bushe. A Ibadan kuwa, inda ruwa ke farawa tun wajen Maris ko Afrilu ya kai Oktoba, bangon da aka yaɓa a Mayu kullum sake jiƙewa yake yi. Ɗan sararin da ake samu a watan Agusta bai isa a dogara da shi ba.

Kai wannan magana gida ya fi aikin fentin kansa wuya. Yayanmu da ke Kano ya bugo waya yana faɗa, ya ce a can ana yin filasta yau, bayan mako biyu a yi fenti, ba abin da ke faruwa. Na ce masa, "Yaya, iskar Kano daban, ta nan daban. Rigar da ka shanya a can da hantsi ka kwashe da azahar, a nan sai ta kwana biyu a igiya tana warin danshi." Amarya ta yi kuka. Hajiyarmu ce ta raba gardama. Ta ce ita an kawo ta gidan nan bango ko filasta babu, kuma auren ya yi albarka. A yi wa cikin ɗakuna da tsofaffin bangayen tsakar gida fenti, a bar waje.

Haka aka yi biki da bango ruwan toka. Ba zan ɓoye muku ba, maganganu sun dawo kunnena. Wasu sun ce kuɗi ne suka ƙare, wasu sun ce magada ne suka saɓa. Akwai wani gida a layinmu da aka gama filastarsa kusan lokaci ɗaya da namu, aka yi masa fenti a cikin mako guda saboda Sallah, ya yi kyau ƙwarai, har ana yi mana misali da shi. Kafin Oktoba ta fita, ƙasan bangonsa ya fara sassaɓewa kamar maciji. Ban ji daɗin haka ba, domin na san mai gidan, na san da gumin da ya tara kuɗin. Na kawo maganar ne don kowa ya san cewa ledar nan ta dattijo ba camfi ba ce.

Jiran ya zo mana da wata riba da ban yi tsammani ba. Bangon da ba fenti ba ya ɓoye komai. Wata huɗu ruwa yana dukansa, duk inda matsala take sai da ta nuna kanta. Dattijon ya ce in riƙa zagaya gidan bayan kowane ruwa mai ƙarfi, in sa alama da gawayi a inda ya fi daɗewa bai bushe ba. Kafin kaka, gidan ya cika da zanen gawayi.

Ga abubuwan da muka gano. Na farko, ƙarƙashin kowace taga akwai baƙin layi biyu da suka gangaro, domin dakalin tagar a shafe yake, ruwa yana bin ƙasansa ya koma jikin bango. Maganinsa ɗan ƙaramin kwari ne da ake tsagawa a ƙasan dakalin, ruwa ya zo nan ya ɗiga ƙasa. Aikin wuni ɗaya ne ga birkila. Na biyu, a inda rufin shaguna ya haɗu da na tsohon gida, ruwa yana taruwa ya zubo wuri ɗaya, ya daki ƙasa ya fantsamo da jar laka har kusan ƙugun mutum. Aka sa mazurari da bututu ya kai ruwan har kwata. Na uku, gefen da ke kusa da kwata, danshi yana hawowa daga ƙasa, gansakuka ta yi kore shar. Gidajen da aka gina a zamanin iyayenmu ba a sa musu leda ko wani abin tare danshi a harsashi ba, don haka abin da za a iya yi shi ne a nisanta ruwa da gindin bango. Aka gyara kwatar, aka zuba daɓen kankare mai ɗan gangara a kewayen gidan. Na huɗu, saman katanga a buɗe yake, ruwa yana shiga ta ramukan bulo. Aka yi masa hula ta siminti mai gangara.

Na biyar shi ne wanda ya shafi duk mai gyaran tsohon gida. A daidai inda sabon bulo ya haɗu da tsohuwar jar ƙasa, tsaga ta fito a miƙe tun daga sama har ƙasa. Ƙasa da bulo ba sa motsi iri ɗaya, wannan yana kumbura da danshi ya tsuke da rani, wancan kuma sabon gini ne yana kan zama. In ka cusa siminti kawai ka shafe, za ta dawo. Sai da aka fasa filastar kamar taki ɗaya kowane gefe, aka kafa ragar waya ta haɗa ɓangarorin biyu, aka sake yaɓawa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ƙasar nan ruwa ne ƙadangaren, kuma in ya shiga ginin jar ƙasa, ba fenti kaɗai zai ɓata ba, bangon ne zai narke daga ciki.

Tsohon ɓangaren gidan shi ma da nasa aikin. Dattijon ya bi shi da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasawa. Inda ya yi ƙara a toshe, lafiya lau. Inda ya yi ƙara kamar an buga ƙwarya, filasta ta rabu da ƙasa, sai a sauke ta a sake. Da aka fara kankara muka ga tarihin gidan a jere: farar ƙasa ta zamanin farko, wani shuɗin fenti da na tuna tun ina firamare, sannan fentin mai baƙi a gindin bango. Sabon fenti ba ya kama farar ƙasa. Gwajinsa mai sauƙi ne, ka shafa tafin hannunka a bango, in ya fito da gari, to duk abin da ka shafa a kai tare da garin zai faɗo. Dole a kankare, a goge da burushin waya, a wanke. Inda gansakuka da fumfuna suka kama, an wanke da ruwan bilic, aka bar shi ya ɗan jima, aka ɗauraye, domin in ka rufe su da ransu, ta cikin fentin za su sake tsirowa.

A nan ina da jan kunne ga iyaye mata musamman. Tsohon fentin mai, irin na ƙofofi da tagogi da gindin bango, sau da yawa akwai dalma a cikinsa. Idan ana goge shi da samfefa a bushe, ƙurar tana sauka a tsakar gida, inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Mun ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Can daga duwatsun haƙar zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙwaƙwalwar yaro take fara taɓawa. Mu dai mun kai yara gidan ƙanwata na kwana uku, aka riƙa jiƙa wurin kafin a kankare, aka tattara ɓawon a buhu, aka wanke tsakar gida.

Wani abin da ya zama yayi yanzu shi ne sikiridin, wato a shafe bango ya yi sumul kafin fenti. A cikin ɗaki yana da kyau. Amma masu aiki da yawa suna kwaɓa shi da garin POP saboda araha da saurin bushewa, su kai shi har bangon waje. POP ba ya shiri da ruwa, yana tsotsarsa ya yi laushi, sai ka ga fenti yana faɗowa falle-falle tare da shi. In dole sai an yi a waje, a yi da wanda aka haɗa da siminti, wanda aka rubuta a jikin buhunsa cewa na waje ne. Mu ba mu yi ba ko kaɗan. Filastar ta yi kyau, muka bar ta.

Duk wannan ya tuna mini da gidan kakanninmu a Arewa. Mutanen da ba su san bokitin fenti ba, amma sun san kare bango. Suna jiƙa ɓawon ɗorawa su sami makuba, su kwaɓa da ƙasa su yaɓe bango, ruwa ya riƙa zamewa. Ga laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, ana shafe soro da shi. Ga indararo mai tsawo da ke jefa ruwa nesa da gindin gini. Sannan kafin kowace damina mai gida yakan zagaya ya duba yaɓe. Zanen da muke gani a fuskar tsofaffin gidajen Zariya da Kano da Damagaram, a kan wannan kariya aka ɗora shi. Ado yana zuwa ne bayan an gama da ruwa. Abin da ya bambanta shi ne, a can ruwan wata huɗu ne, sauran shekara rana da ƙura ne abokan gaba. A nan Kudu danshi ne, kuma 'yan uwanmu na Legas da Fatakwal sun fi mu shan wahalarsa, ga iskar teku mai gishiri da ke cin ƙarfe.

Sai maganar launi. Wanda bai taɓa zaɓen launi da 'yan uwa shida a zauren WhatsApp ba, bai san rigima ba. Yaya yana son fari fat. Ƙannena mata suna son ruwan hoda ko shuɗi mai haske. Ƙanina yana son ruwan toka mai duhu irin na sababbin gidajen Abuja. Kowane da dalilinsa, kuma kowane da aibinsa. Fari ba ya jure jar ƙasar Ibadan. Launi mai duhu yana tara zafi, ɗaki ya zama tanda da yamma, kuma shi da launuka masu ƙarfi kamar ja da shuɗi sun fi saurin koɗewa a rana. Abin da ya kashe gardamar shi ne gwaji. Muka sayi ƙananan gwangwanaye uku, aka shafa kowanne kamar faɗin tabarma a bangon gabas da na yamma, na ɗauki hoto da safe da azahar da la'asar na tura. Launin da ka gani a 'yar takardar shago ba shi za ka gani a bango ba, rana tana sa shi ya yi haske fiye da yadda ka zata. Aka tsaya a kan ruwan madara mai ɗan duhu a sama, da ruwan ƙasa daga gindi zuwa tsayin mita ɗaya, don ya ɓoye fantsamar laka. Hajiya ta nemi abu ɗaya tak: ƙyauren zaure ya zama kore, kamar yadda mahaifinmu ya bar shi. Babu wanda ya yi musu.

Amma akwai maganar da ta fi launi nauyi, kuma ita ce ainihin dalilin da ya sa na zauna rubutun nan. Kawunmu, ƙanin Hajiya, wanda ya haura shekara hamsin a garin nan, ya kira ni gefe ya ce, "Ɗana, ka gyara ciki na gane. Amma me zai sa ka zuba kuɗi a bangon waje? Mu baƙi ne. Baƙo ba ya nuna kansa. Ka ajiye kuɗin ka ƙara a filinka na gida." Ya tuna mini da abin da ya faru a kasuwar Shasha a Fabrairun 2021, yadda aka ƙona shaguna da gidaje, mutane suka kwashe iyalansu cikin dare. Ban raina maganarsa ba, kuma ba zan taɓa raina ta ba. Wanda ya ga irin wannan da idonsa yana da hujjar jin tsoro.

Abin da na ce masa shi ne, "Kawu, a ɗakin nan na baya aka yanke mini cibiya. 'Ya'yana a nan aka haife su, Yarabanci a bakinsu kamar Hausa. In ni baƙo ne a gidan nan, to ina ne ba baƙo ba?" Da yawa daga cikinmu mun gina gidaje masu kyau a Kano da Katsina da Sakkwato, an yi musu fenti har da fitilu a katanga, muna kwana a cikinsu mako biyu a shekara. Gidan da muke kwana sauran makonni hamsin, inda matanmu ke girki, inda 'ya'yanmu ke kawo abokan makarantarsu, mun bar shi da baƙin bango da gansakuka. Yaron da ke jin kunyar nuna wa abokinsa ƙofar gidansu, wani abu yana karyewa a zuciyarsa. Kuma maƙwabtanmu da jami'an gwamnati da ke wucewa ta titi ba sa ganin gidanmu na Arewa, wannan suke gani, da shi suke auna mu. Unguwar da ta yi kama da wadda masu ita suka yi watsi da ita, ita ake fara nunawa da yatsa duk ranar da aka tayar da maganar rusau. Bayan haka, ko a lissafin kuɗi zalla, bangon da ba shi da kariya ruwa ne ke cinsa, kuma sake gina bango ya ninka kuɗin fenti sau da yawa. Kawu bai ce na yi gaskiya ba. Ya dai yi shiru, sannan ya ce Allah ya sa alheri. A wurin dattijo irinsa wannan ma amsa ce.

Muka fara aiki a farkon Disamba, bayan ledar ta kwana a bango ta tashi a bushe. Ga lissafin da muka yi, ga mai son ya kwatanta da nasa. Kewayen gidan mita 56 ne, tsayin bango mita uku da rabi, ya ba da murabba'in mita 196. Muka cire ƙofofi da tagogi, ya rage kamar 170. Shafi biyu ya zama 340. A kan filasta mai ɗan kaushi, muka ƙiyasta lita ɗaya za ta rufe murabba'in mita takwas, wato ana bukatar lita 42 da ɗoriya, tsakanin launin sama da na ƙasa. Babban bokiti lita 20 ne, galan kuma lita huɗu. Muka sayi bokiti biyu na ruwan madara, galan huɗu na ruwan ƙasa, har aka sami ragowa. Ban da wannan akwai andakot, wato shafin farko mai jure kaifin siminti, wanda ke toshe ƙishin bango ya sa fenti ya kama, shi ma ya ci bokiti guda da galan ɗaya. Mutane da yawa a nan suke tsuke hannu, su ce andakot ɓarnar kuɗi ne. Bangon da ba a ba shi andakot ba, fentin mai tsada zai shanye a madadinsa.

Mun zaɓi fentin ruwa na waje, mai santsi. Dattijon ya hana a sa fentin mai a tsohon bango, ya ce ginin ƙasa yana bukatar ya riƙa fitar da danshi, in ka toshe shi ruɓewa zai yi. Mai kaushin nan da ake kira tekskot yana ɓoye karkacewar filasta, yana kuma da ƙarko, amma a gefen da ba ya samun rana ƙura da gansakuka suna samun wurin zama a ramukansa, kuma ya fi cin lita. Da kaina na je shagon dillali na saya, na duba tambarin hukumar SON, na tabbatar lambar haɗi ɗaya ce a jikin bokitai, domin launi ɗaya da aka haɗa a ranaku daban yakan ɗan saɓa. Akwai mai rabin kuɗin wanda muka saya. Araha ba ta ado.

Da mai fenti muka rubuta yarjejeniya a takarda, shaidu biyu suka sa hannu: kuɗin aiki kashi uku, ɗaya bayan kankara da wanki, ɗaya bayan andakot da shafin farko, ɗaya bayan an gama an share wuri. Ana buɗe bokiti a gabana, ana ƙara ruwa iya gwargwadon da aka rubuta a jiki. Wannan batun ruwa a kula da shi, domin nan ake cutar masu gida, a tsinka bokiti ɗaya ya zama biyu, ranar farko ya yi kyau, damina ɗaya ta wanke shi. A ɗaya gefen kuma, duk ranar da kashi ya cika na biya shi kafin ya wanke hannu. Ma'aikacin da ake ja wa rai da haƙƙinsa, a jikin bangonka zai rama.

Suna farawa wajen ƙarfe tara, bayan raɓa ta bushe, suna bin inuwa: yamma da safe, gabas da yamma. Bango mai zafi yana busar da fenti kafin ya kama. Ranar da hazon hunturu ya yi yawa da iska, suka huta. Tsakanin shafi da shafi an bar kwana guda. Get da ƙarafan tagogi an kankare tsatsarsu, aka sa jan fentin hana tsatsa, sannan fentin mai. An kafa gora aka ɗaure da kyau maimakon tsani, kuma a gefen da wayar lantarki ta shigo gidan, sai da aka kashe wuta aka kira mai gyaran wuta ya tsaya. Kwana biyu kafin a fara na je na gaida Mama da ke sayar da abinci a jikin katangarmu, na gaya mata, muka matsar mata da rumfa, aka rufe motar maƙwabci da tamfol. Aikin duka ya ci kwana goma sha ɗaya. Ragowar fentin na rufe shi da kyau na ajiye a inuwa, na rubuta sunan launi da lambarsa a littafin gida.

Yanzu damina guda ta wuce a kansa. Akwai ɗan kore da ya fito a kusurwar da ba ta ganin rana, na sa yara sun wanke da burushi ya fita. Tsagar mahaɗar nan ba ta dawo ba. Ɗakin Hajiya, wanda a da kowace damina sai an janye gado daga jikin bango saboda sanyi da wari, bana a bushe ya wuce. Wannan ya fi mini kyan launin daɗi.

Ina da shawarwari biyu da zan kawo a taro mai zuwa, ina so ku yi tunani a kai kafin ranar. Na farko, masu niyyar fenti a ranin nan su ba da sunayensu, mu haɗa kuɗi mu saya a wurin dillali gaba ɗaya, farashi zai sauka, kuma za mu tsira daga jabu. Na biyu, a cikin yaran da suka yi aikin gidanmu babu ɗan unguwar nan ko ɗaya, alhali muna da samari da ke zaune ba sana'a. Dattijon ya ce a shirye yake ya karɓi biyu ko uku su koya, in iyayensu za su tsaya musu. Sana'a ce da jarinta bai wuce burushi da rola da haƙuri ba, kuma muddin ana gini ba za ta mutu ba. Duk wanda yake da yaron da ya ga zai iya, ya same ni.

Wanda kuma filastarsa ba ta daɗe da gamuwa ba, kafin ya kira mai fenti, ya nemi leda da salatif ya manna, ya duba da safe.

Allah ya rufa mana asiri, ya ba wanda bai da nasa, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.

Naku,
Sakatare